Tambaya ga masana tarihi: coci tana tare da Mussolini ne ko tana yaƙarsa a kan makarantun Tirol ta Kudu?

Baban_Hafsat ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Ni ina zaune ne a arewacin Italiya, wani ƙauye kusa da Bolzano a yankin Tirol ta Kudu, can ƙarshen ƙasar kafin ka haura mashigar Brenner ka faɗa Ostiriya. Shekara ta shida ke nan, aikin gonar tuffa nake yi, in sanyi ya shigo kuma in koma wajen da ake tantance ta ana zubawa a kwali. Duk wanda ya taɓa zuwa nan ya san abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai, a takarda Italiya kake amma mai gonar da Jamusanci yake magana da 'ya'yansa, allon hanya suna biyu ne a jiki, Bolzano da Bozen, Merano da Meran, in ka shiga kwarin Gardena ma uku za ka gani saboda su suna da nasu yaren da ake kira Ladin.

To yanzu Hafsat ta isa shiga firamare, aka ce in zaɓa, makarantar Jamusanci ko ta Italiyanci, kowacce da malamanta da hukumar da ke kula da ita daban. Na je neman shawara wajen tsohuwar da muke haya a gidanta, ta haura tamanin, matar kirki ce wallahi, ita take ba Hafsat biskit kullum. Maimakon ta ba ni amsa sai ta zaunar da ni ta shiga ba ni labarin mahaifiyarta. Wai lokacin Mussolini an hana karatu da Jamusanci kwata-kwata, mahaifiyarta a saman ɗakin ajiye ciyawar shanu na maƙwabta ta koyi rubutu da yarenta, bayan an tashi daga makarantar gwamnati, yara su zo ɗaya bayan ɗaya kada a gan su a tare, allo a ɓoye cikin riga, wata budurwa ce take koya musu, kuma wai limamin cocin ƙauyen ya san komai har shi yake haɗa abin. Tana faɗa tana share hawaye, ni kaina sai da jikina ya yi sanyi.

Abin da ya rikita ni shi ne, ni a ɗan karatuna na san Mussolini da Paparoma shiri suka yi, shi ne ma ya sa hannu aka ba Vatican matsayin ƙasa a 1929, aka mayar da gicciye cikin azuzuwa. To ta yaya kuma limaman coci za su riƙa buɗe makarantun ɓoye suna saɓa wa gwamnatin da shugabansu ya ƙulla amana da ita? Tsohuwar ce shekaru suka sa ta haɗa labarai ko ni ne ban gane ba? Wanda ya sani ya taimaka, ina so in san ƙasar da 'yata za ta yi karatu a cikinta.

Malam_Dan_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Hafsat. Tsohuwar nan ba ta rikice ba, kai ma abin da ka karanta gaskiya ne, duka biyun sun faru lokaci guda. Bari in ɗauko maka daga tushe.

Yankin da kake zaune ƙasar Ostiriya ne har ƙarshen yaƙin duniya na farko. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ce ta miƙa shi ga Italiya ba tare da an tambayi mutanen wurin ba, alhali mafi yawansu Jamusanci suke yi. Kuma mutane ne da suka daɗe da boko, tun 1774 sarauniya Maria Theresa ta wajabta karatun firamare a ƙasashenta, kusan kowane ƙauye da makarantarsa, limamin coci kuma yana da baki a cikinta tun kaka da kakanni. Ka riƙe wannan domin shi ne asalin rigimar, gwamnatin da ta zo ta tarar makarantar tana da mai ita.

Tun kafin Mussolini ya hau an fara taɓa su. A 1921 dokar Corbino ta ce duk iyalin da hukuma ta ƙirga a Italiyawa dole su kai yara makarantar Italiyanci, sau da yawa sunan dangi kawai ake dubawa a yanke hukunci, 'yan Ladin ma aka jefa su cikin lissafin. Sai farkon Oktoban 1922 'yan Fasist, wato 'yan jam'iyyar Mussolini, suka yi wa Bolzano tsinke, suka mamaye babbar makarantar Jamusanci ta garin mai sunan sarauniya Elisabeth, suka sauya mata suna zuwa Regina Elena, aka tsige magajin gari Julius Perathoner. Makonni kaɗan bayan haka suka yi tattakin Roma da ya kai Mussolini kan mulki. Kafin su kama gwamnati makaranta suka fara kamawa, wannan kullum yana tsaya min a rai.

A Yulin 1923 wani mai suna Ettore Tolomei, shi ne ya tsara yawancin sunayen Italiyancin da kake gani a allunan hanyar nan, ya tsaya a Bolzano ya karanto shiri mai maki 32 na mayar da yankin Italiya zalla, harshe, sunayen garuruwa, ma'aikata, kotu, komai, har sunan Tirol ɗin kansa aka haramta. A Oktoba kuma dokar ministan ilimi Giovanni Gentile ta fito: Italiyanci kaɗai za a koyar da shi. Dabarar da suka yi ita ce ba su rufe komai rana ɗaya ba, aji ɗaya aka fara da shi a shekarar, shekara mai zuwa aji biyu, haka haka har ya cinye firamaren duka kafin 1930. An bar 'yan awoyi na harshen gida a gefe da farko, a 1925 aka soke su su ma. Yara kimanin 30,000 abin ya shafa. Malaman wurin aka sallami wasu, aka tura wasu can cikin Italiya, aka kawo sabbi da ba su jin ko gaisuwa da Jamusanci. Ni malamin aji ne, shekara ashirin da wani abu ina riƙe alli, na san yadda fuskar yaro take in ba ya fahimtarka. Ka ƙaddara ɗan shekara shida da bai taɓa jin Italiyanci a gidansu ba, malama tana magana yana kallon bakinta, shekara da shekaru, ya fito bai iya rubuta na gida ba bai ƙware a na makaranta ba. Da yawa daga cikin mutanen wancan zamanin haka suka tsufa rubutu yana ba su wahala.

Ga inda tambayarka take. Shi wannan Gentile ɗin, a cikin gyaran ilimin nasa na 1923, shi ne ya wajabta darasin addinin Katolika a firamaren Italiya duka. A Roma da Milan coci ta ga an ba ta abin da ta yi shekaru tana nema wajen gwamnatocin baya ba ta samu ba. A ƙauyukan Tirol kuma dokar mutum ɗaya ce ta ƙwace harshen da fada, wato limamin coci, yake magana da yaransa. Da dama aka miƙa, da hagu aka karɓe. Saboda haka in ka ce "coci" sai ka tambaya wacce, ta fadar Vatican, ta gidan bishop, ko ta limamin ƙauye da shi ma ɗan manomin wurin ne, ƙannensa da 'ya'yan yayyensa ne a ajin.

Makarantar da tsohuwar ta ba ka labari suna kiranta Katakombenschule. Sunan ya samo asali ne daga ramukan ƙarƙashin ƙasa na Roma da ake cewa Kiristocin farko sun fake a ciki lokacin da ake tsananta musu. Jagoran abin wani limami ne, Michael Gamper, wanda kuma shi ne editan jaridar Volksbote, ya yi kira a jaridar cewa kowane gida ya zama makaranta, kowane ɗakin zama ya zama aji. Ba shi kaɗai ba ne, akwai lauya Josef Noldin na garin Salurn, da malamin makaranta Rudolf Riedl, da wasu mata da suka riƙe horar da malamai. Yawancin masu koyarwar 'yan mata ne, kimanin 200, ana horar da su a ɓoye a fake da cewa koyon ɗinki ake yi, littattafai kuma a goyo ake tsallako da su ta kan duwatsu daga Ostiriya. Amma kada ka ɗauka kowane yaro ya samu, kimanin 5,000 ake ƙiyastawa a lokaci guda, ka gwada da 30,000.

Kuma an biya da tsada. Noldin an kore shi zuwa tsibirin Lipari a 1927, ya dawo da ciwo, ya rasu a Disamban 1929. Riedl an kai shi tsibirin Pantelleria. Wata yarinya Angela Nikoletti da take koyarwa a Kurtatsch an kama ta a 1927 aka tsare ta, aka kore ta daga garin, tarin fuka ya kama ta, ta rasu a Oktoban 1930 tana da shekara 25. Laifinta kawai ta koya wa yaran maƙwabta baƙaƙen yarensu.

In ka shiga Bolzano ka tsaya gaban dogon ginin tunawa da nasara da suka gina a 1928, akwai rubutun Latin a samansa, ma'anarsa daga nan muka wayar da sauran da harshe da doka da fasaha. Mutanen da suka fi ƙarni ɗaya da rabi suna zuwa makaranta ake gaya wa haka.

Maman_Rahila ta rubuta:

Sannu Baban Hafsat, Allah ya raya mana Hafsat. Malam ya yi bayani sosai, ni dai zan ƙara ta ɓangaren da na sani don ni 'yar Katolika ce kuma na daɗe ina koya wa yara katikizim, wato darasin tushen addini, da Hausa a cocinmu.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne a wajenmu maganar harshe ba ado ba ce. Yaro yana kai wajen shekara bakwai ake shirya shi karɓar Jibin Ubangiji na farko a coci, kafin nan sai ya je ya furta zunubansa gaban fada. To yaron da ba ya jin Italiyanci me zai furta, kuma me zai fahimta in an yi masa nasiha? Ni na gwada, in na karanta wa yara addu'a da Turanci suna maimaitawa kamar aku, ina juyawa Hausa sai ka ga ido ya buɗe har tambaya suke yi. Wannan ce hujjar da limaman Tirol suka tsaya a kai da gwamnati ta ce darasin addinin ma a mayar da shi Italiyanci. Aka yi ta ja, Vatican ta sa baki, daga ƙarshe a 1928 suka kwashe darasin daga ginin makarantar gwamnati suka mayar da shi gidan fada da ɗakunan coci, suna kiransa Pfarrschule, wato makarantar Ikklisiya. Gwamnati ta haƙura da wannan bisa sharaɗin addini kaɗai za a koyar.

Amma ku duba, yaro zai karanta littafin katikizim ba tare da ya san baƙaƙe ba? Kuma littattafan Jamusanci na lokacin da wani irin rubutu mai ƙahonni ake buga su wanda ya sha bamban da na Italiyanci, dole fada ya fara da wannan harafi kaza ne. Ta ƙofar nan karatu ya riƙa shiga, hukuma ta sani, tana sa ido, tana takura wa limaman da ta ga sun wuce gona da iri, amma ba ta iya rufe ƙofar ba.

Haka makarantun horar da limamai, Vinzentinum a Brixen da Johanneum a Dorf Tirol da aka buɗe a 1928, sun ci gaba da koyarwa da Jamusanci saboda a ƙarƙashin bishop suke, sai dai gwamnati ba ta amincewa da takardar shaidarsu. Jaridar Dolomiten ma da aka rufe, inuwar coci ce ta sa ta dawo.

Sannan shirin da kake cewa an yi a 1929, ai ba a rufa shekara ba Paparoma Pius na 11 ya fitar da wasiƙa a kan tarbiyyar yara a Disamba, yana cewa iyali da coci suna da haƙƙi a kan yaro wanda gwamnati ba za ta haɗiye ba. Mussolini kuwa ya kafa ƙungiyar yara ta Balilla tun 1926, kayan sarki, fareti, rantsuwa, ya rusa 'yan sikawut na Katolika, a 1931 ya rufe ƙungiyoyin matasan coci har Paparoma ya sake rubuta wata wasiƙar mai zafi a watan Yuni. Faɗan a kan yaro ne, wa zai rene shi.

Sani_Gorizia ya rubuta:

Salam. Maman Rahila ki gafarce ni, ban musa abin da kika faɗa ba amma rabin labarin ne. Ni ina Gorizia, gabas da su Baban Hafsat, kan iyakar Sulobeniya, da ƙafa nake tsallakawa Nova Gorica in sayo kaya. Nan ma dokar Gentile ɗin nan ce ta faɗo a kan Sulobeniyawa da Kuroshiyawa, makarantunsu ɗaruruwa aka mayar Italiyanci kafin 1930, kuma tun a Yulin 1920 aka ƙona musu babban gidan al'adunsu Narodni dom a Trieste. Su ma limaman ƙauyensu sun tsaya, suna koyar da katikizim da yaren gida a cikin coci, suna raba littattafai. Amma ku ji yadda manyan suka ƙare.

Babban bishop na Gorizia, Sedej, Basulobene ne, ya ƙi yarda a cire yaren mutanensa daga koyarwar addini, matsin lamba ya yi yawa aka sa shi ya ajiye muƙami a 1931, makonni kaɗan ya rasu, wanda aka ɗora ya riƙe wurin kuma mai ra'ayin gwamnati ne. Bishop na Trieste, Luigi Fogar, shi ba Basulobene ba ne ma, adalci kawai ya tsaya a kai, a 1936 aka ɗauke shi aka kai Roma. Wa ya amince aka ɗauke su? Ba Mussolini ne yake naɗa bishop shi kaɗai ba ai. Kuma a cikin yarjejeniyar 1929 ɗin akwai sharaɗin cewa bishop da limamin Ikklisiya dole ya zama ɗan ƙasar Italiya kuma yana jin Italiyanci, bishop ya yi wa sarki rantsuwar biyayya. Vatican ta samu ƙasarta, ta samu darasin addini har sakandare, ta samu a amince da auren coci, amma ba ta sa an rubuta cewa yaron Sulobeniya ko na Tirol yana da haƙƙin karatu da yarensa ba. A 1933 ma a ƙauyukan kwarin Natisone hana wa'azi da Sulobeniyanci aka yi gaba ɗaya.

Akwai wani mutum da har yau ake tunawa da shi a nan, Lojze Bratuž, mai koyar da mawaƙan coci. Ƙarshen Disamban 1936 bayan an fito daga sujada a Podgora, nan bakin garin, 'yan Fasist suka tare shi suka yi masa dukan tsiya suka ɗura masa man inji da fetur, saboda mawaƙansa suna rera waƙa da yarensu. Ya yi jinya ya rasu a Fabrairun 1937. Wani babban zauren al'adu na Sulobeniyawa a Gorizia sunansa yake ɗauke da shi, ina wucewa ta gabansa.

Ni fahimtata, 'yan Tirol sun ɗan samu sassauci ne saboda suna da Ostiriya da Jamus a bayansu, jaridun can suna ihu, Mussolini yana lissafi da su. Su kuwa waɗannan ana musu kallon ƙasƙanci tun farko, kuma Yugoslabiya abokiyar gabar Italiya ce, duk fadan da ya yi magana sai a ce ɗan leƙen asiri ne. Limamin ƙauye ya yi ƙoƙari, na yarda, amma na sama sun bar shi a rana.

Maman_Rahila ta rubuta:

Ƙanina Sani ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Maganar Sedej da Fogar tana min ciwo duk lokacin da na tuna, kuma gaskiya ne bayan rigimar 1931 an sasanta cikin 'yan watanni, manyan limaman Italiya da yawa har albarka suka sa wa yaƙin Habasha a 1935, ƙasar Kiristoci 'yan uwansu. Abin da nake roƙo kawai kada a shafe waɗanda suka tsaya saboda waɗanda suka yi shiru. Budurwar da ta koya wa mahaifiyar tsohuwar nan karatu a ɗakin ciyawa ita ma coci ce.

Dan_Damagaram ya rubuta:

Ina ta karantawa ina tuna baba na. Shi a lakwal ɗin zamanin Faransa ya yi karatu, ya ce in mushe, wato malamin aji, ya ji ka yi Hausa a fili sai a rataya maka wani abu a wuya da suke kira sambol, ba ka rabuwa da shi sai ka kama wani yaron ya yi, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Na san ba daidai suke da na Tirol ba, mu ba a bi mu gida an hana makarantar allo ba, kuma su makarantar yarensu suke da ita aka ƙwace. Amma yaro zaune a aji yana jin tsoron bakinsa, wannan kam na san shi. Baban Hafsat ko wacce ka zaɓa kar ka bari Hausa ta fita daga gidanka.

Baban_Hafsat ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na ƙaru. Malam na gode, Maman Rahila na gode, Sani sai na zo Gorizia in sha Allah. Dan Damagaram Hausa muke yi a gida ba fashi.

Malam saura abu ɗaya. Jiya na koma wajen tsohuwar na ce mata ashe limamanku jarumai ne, sai ta yi shiru, can ta ce ba duka ƙauyen ne suka ci gaba da jin maganar fada ba, wai a 1939 kawunta ya tafi Jamus da iyalinsa, mahaifinta ya ƙi tafiya, har suka mutu ba su sake gaisawa ba, kuma wai an taɓa shafa musu kashin shanu a ƙofar gida. Daga nan ta tashi ta shiga kicin. Me ya faru a 1939?

Malam_Dan_Zazzau ya rubuta:

Ka taɓo mata babban miki Baban Hafsat, a bi ta a hankali.

Bayan Hitler ya hau mulki a 1933 matasan Tirol da yawa suka juya fuska zuwa gare shi. Ka tuna su waye matasan nan, su ne yaran da suka taso a ajin da ba sa jin malami, ba aikin gwamnati a gabansu, suna kallo ana gina masana'antu a Bolzano ana kwaso ma'aikata daga cikin Italiya. Suka kafa ƙungiyar ɓoye mai ra'ayin Nazi da ake taƙaita sunanta VKS, suka fara gogayya da limamai a kan matasa har a kan makarantun ɓoyen kansu, don kuɗi da littattafai da yawa daga Jamus suke zuwa kuma mai ba da littafi yana da ta cewa a kan abin da ke ciki. Coci ta wayi gari tana faɗa da masu neman yaran ta fuska biyu, ɗaya da Italiyanci, ɗaya da yaren gida, na biyun kuma ya fi wuyar tarewa.

Da Hitler ya haɗiye Ostiriya a 1938 suka ɗauka saura su. Sai ya zaɓi abotarsa da Mussolini, ya ce Brenner ita ce iyaka. A 1939 su biyun suka shirya abin da ake kira Option: kowane magidanci ya zaɓa kafin ƙarshen Disamba, ko ya karɓi zama ɗan Jamus ya bar gonarsa da kaburburan iyayensa ya tafi, ko ya zauna a Italiya ba tare da wata kariya ga harshensa ba. Aka baza jita-jita cewa duk wanda ya zauna za a kwashe shi zuwa Sisili. Kimanin kashi 85 cikin 100 suka sa hannu a kan tafiya, waɗanda suka tafi a zahiri kimanin 75,000 ne don yaƙi ya tsayar da abin. Masu zama ana kiransu Dableiber, an kira su maciya amana, an ƙaurace musu, abin da aka yi wa ƙofar gidan su tsohuwar nan an yi wa gidaje da dama.

Gamper, wanda ya fi kowa wahala a kan Jamusanci, shi ne a gaba wajen cewa kada a tafi, yana bi ƙauye ƙauye yana gaya musu yadda Nazi suke yi wa coci da makarantunta a Jamus, kuma mafi yawan limaman ƙauye suna tare da shi. Mutanen da ya koya wa 'ya'yansu karatu suka juya masa baya. Bishop na Brixen kuwa, Johannes Geisler, a 1940 ya sa hannu a kan Jamus, hujjarsa makiyayi garkensa yake bi. A shekarar aka buɗe darussan Jamusanci a fili, amma ga 'ya'yan waɗanda suka zaɓi Jamus kaɗai, ɗan wanda ya zauna bai da kujera. Da sojojin Jamus suka mamaye yankin a Satumban 1943 sai da Gamper ya ɓuya ya tsere.

Tsarin da ka tarar yanzu daga yarjejeniyar Gruber da De Gasperi ta 1946 tsakanin Ostiriya da Italiya ya fara, ya ƙarfafa da dokar cin gashin kai ta 1972, wadda ta ce kowane yaro a koyar da shi da harshensa ta bakin malamin da shi ma harshensa ke nan. Shi ya sa makarantun suke a rabe, kuma shi ya sa in aka kawo maganar haɗe su tsofaffi suke tayar da jijiyar wuya. A kwarurukan Ladin ne kaɗai ake raba darussa rabi Jamusanci rabi Italiyanci.

Baban_Hafsat ya rubuta:

Na gode Malam, yanzu na gane shirun nata, ba zan sake tayar mata da maganar ba sai in ita ta kawo.

Mun yi shawara da maman Hafsat. A ƙauyenmu kusan kowa Jamusanci yake yi, ƙawayenta na makarantar raino duk can za su, ta Italiyancin kuma sai an shiga bas, kuma an ce min a ta Jamusancin ma ana koyar da Italiyanci tun firamare, aikin gwamnati a lardin nan kuma sai da jarrabawar harsunan biyu. Don haka ta ƙauyen za mu kai ta. Darasin addini kuma an ce akwai fom da iyaye suke cikewa in ba sa so, zan cike, karatun Alƙur'ani muna yi da ita a gida da yamma.

Da na gaya wa tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan littafin katikizim duk ya yi baƙi, na mahaifiyarta ne, da irin rubutu mai ƙahonnin da Maman Rahila ta faɗa. Ta ce in Hafsat ta fara haɗa baƙi in turo mata ita ranar Asabar su riƙa karatun littattafan makaranta tare tunda ni Jamusancina bai kai in duba mata aikin gida ba. Sani turo min lambarka ta saƙon sirri, bayan an gama tsinkar tuffa ina da hutun kwana huɗu.